Ƙudan da ke Cikin Hoto da Wanda ke Cikin Mangwaro

Lambun kawuna yana fadamar Rima ta wajen Wamakko, ba nisa daga cikin garin Sakkwato. Mangwaro ne ƙarfinsa. Akwai tsofaffin itatuwa na mai zare da mahaifinsa ya dasa, akwai kuma 'yan aure da shi ya sa da hannunsa, binta suga da paparanda da wani mai nauyin nuna da ke kaiwa har faɗuwar damina. A gefen rijiya akwai gwaiba da lemun tsami. Maƙwabcinsa na gabas kuma kankana yake yi.

Bara, wajen ƙarshen watan Mayu, bayan an samu ruwan farko, dillalin da ya saba ɗaukar kayansa ya dawo masa da kwanduna biyu. Ya ce 'yan sari sun yi ƙorafi: mangwaro a waje lafiya lau, ana yankawa sai tsutsa. Kawu ya shekara fiye da talatin yana wannan sana'a, kuma mutum ne da ba a taɓa dawo masa da kaya ba. Asarar kuɗin ba ta dame shi kamar yadda maganar ta dame shi ba.

Ni na karanta aikin gona, don haka duk wani ƙwaro da ya ɓullo a gonar dangi ni ake turo wa. Taubashina, ɗan kawun, ya aiko mini hoto uku ta WhatsApp da saƙon murya. Ya ce: "Yaya, ga abin da ke kashe muna mangwaro. Ƙuda ne mai ratsi ga baya, duk ya cika lambu." Hotunan daga tsaye aka ɗauke su. Mangwaro ne ya fashe a ƙasa, a kansa wasu ɗige-ɗige masu launin ƙasa. Ba a ganin ratsi, ba a ganin fiffike. Ina tsakiyar wani aiki a gari, na ji an ce mangwaro, an ce tsutsa, an ce ratsi, sai na amsa masa cewa ƙudan Asiya ne, wanda ya addabi manoman mangwaro a Afirka ta Yamma. Ban tambaye shi girmansa ba. Ban tambayi launin ratsin ba, ban kuma tambayi ko a kan itace ya gan shi ko a ƙasa ba. Wannan kuskurena ne, kuma shi ya buɗe ƙofar abin da ya biyo baya.

Bayan kwana biyu ya samu hoto mai kyau. Ya durƙusa har wayar ta kusa taɓa mangwaron, ɗaya daga cikin ƙudajen ya fito sarai. Ya sa hoton a manhajar da ke neman kamanni a intanet, ita kuma ta ba shi suna da bayani cewa wannan ƙuda mamayi ne mai ɓarna a gonakin 'ya'yan itace. Maganar manhaja ta zo daidai da tawa a kunnensa, tun da duk mun ce baƙon ƙuda ne mai ratsi. Kawu ya ɗauki wayar ya je wani shagon maganin gona, ya nuna hoton, aka ba shi maganin feshi. Sau biyu suka fesa itatuwan, da 'ya'ya a kansu sun kusa nuna. Sai bayan feshi na biyu hoton ya iso gare ni.

Ina buɗe shi na san mun yi ɓatan kai. Ƙudan da ke ciki ɗan ƙarami ne, bai kai milimita 4 ba, launinsa ruwan zuma mai ɗan ja, idanunsa jajur. Ratsinsa fari ne tas kamar an ja da alli, kowanne da siririn baƙi a gefensa, kuma ya taso tun daga goshi tsakanin idanu ya bi doron baya har ƙarshen ƙirji. Biyu a sama, sai ɗaya a kowane gefe. Fiffikensa fari sol, babu ko ɗigo. Wannan siffar dangin Zaprionus ce, kuma wanda manhajar ta ambata shi ne Zaprionus indianus.

Manhajar ba ta yi ƙarya ba, sai dai bayanin nata na mutanen wata nahiya ne. Sunan indianus ya samo asali ne daga Indiya, inda wani masani mai suna Gupta ya bayyana shi a 1970, amma tushen ƙudan Afirka ne. A 1999 aka ba da rahotonsa a Birazil, inda ya yi wa gonakin ɓaure mummunar ɓarna domin yana zuba ƙwai a ɗan bakin da ke gindin ɓauren. A 2005 aka gan shi a Fulorida ta Amurka. A can baƙo ne mamayi, shi ya sa rubuce-rubucen da ke kansa a intanet kusan duk da wannan ido aka yi su. A wurinmu ɗan gida ne. Dangin ƙananan ƙudajen nan ne da ke taruwa a kan ɓawon ayaba da ruɓaɓɓen tumatir a bakin kasuwa. Macen ba ta da tsinken da za ta huda lafiyayyar fatar mangwaro, sai abin da ya riga ya fashe ko ya fara tsami take bi. Shi ya tarar da gawa ne kawai.

Ko a nan ma hoton bai kai ni ga sunan jinsi da tabbaci ba, dangi kawai ya ba ni. Zaprionus na Afirka suna da yawa kuma suna kama da juna ƙwarai, abin da ke raba wasunsu sai an duba ƙayoyin da ke cinyar ƙafar gaba da madubin ƙara girma. Amma ga buƙatar Kawu sanin dangin ya wadatar, don babu ɗayansu da zai sa tsutsa a mangwaron da ke rataye lafiyayye a reshe.

Ranar Asabar da sassafe na je lambun. Bayan mun gaisa Kawu ya ce: "Ɗana, wagga ɓanna ta ishe ni. Mun yi hweshi har sau biyu, ga su nan kamar ba a yi ba." Na ce: "Kawu, ku yi haƙuri, laifina ne da na yi saurin magana. Wanda kuka fesa ba shi ne mai yin ɓarnar ba." Ya dube ni ya ce: "To wa ke yi?"

Na ce a ciro mini mangwaro daga sama, wanda bai taɓa ƙasa ba. Taubashina ya hau ya tsinko guda biyar. A jikin uku akwai ɗan ɗigo baƙi kamar tsinin allura, wani da ɗan ƙaro ya daskare a bakinsa, fatar kewaye da shi ta yi rawaya tun kafin lokacinta. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa. Da na yanka, naman ƙarƙashin ɗigon ya zama ruwan ƙasa, ya yi hanyoyi-hanyoyi, ga tsutsotsi farare masu launin madara, kowace ta kai tsawon ƙwayar shinkafa, kanta siriri gindinta kuma a datse. Na ɗauko babbar cikinsu na ajiye a tafin hannun Kawu. Ta ɗan yi tafiya, sai ta lanƙwashe ta haɗa kai da gindi kamar zobe, ta saki, ta yi tsalle ta faɗa ƙasa. Kawu ya ce: "Ikon Allah." Wannan tsalle halin tsutsar manyan ƙudajen 'ya'yan itace ne idan ta ƙosa. Da shi take barin ɗan itacen ta shige ƙasa, ta zama ƙwanso mai kama da ƙwayar alkama, daga nan ƙuda ya fito.

Nan aka gane dalilin da feshin bai yi aiki ba. Tsutsa tana cikin nama, fata ta kare ta. Ƙwanso yana cikin ƙasa. Uwar kuma ta zuba ƙwanta ta tashi. Abin da feshin ya samu shi ne ƙudan zuma da gizo-gizo da tururuwa, sai kuma fatar mangwaron da yara za su ɗauka su gatsa. Wannan ya fi komai damuna, har na roƙi Kawu kada a tsinki komai daga itatuwan da aka fesa sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika.

Akwai dalilin da ya sa kusan duk wanda ya shiga lambu da waya ƙudan da ba shi da laifi yake ɗauka. Ƙananan nan a gungu suke, a ƙasa, sun shagala da ruwan tsami, ko ka matso ba su damu ba. Babban kuwa ɗai-ɗai yake zuwa. Macen takan sauka a kan ɗanyen mangwaro can sama, ta zagaya shi da ƙafa fiffike a buɗe, ta soka ta tashi, inuwar hannu ma korarta take yi. Rana ta take, sai ta shige cikin ganye. Mun yi kusan awa guda muna kallon reshe kafin muka hango guda, kafin a ɗaga waya ta tafi.

Tsutsa kuma ba a gane jinsinta a hoton waya, duk kusan kamarsu ɗaya. Sai na yi abu biyu a ranar.

Na farko tarko. Na zo da ɗan sinadarin da ake kira metil yujinol, wanda mazan wasu ƙudajen Bactrocera, wani dangi na manyan ƙudajen 'ya'yan itace, ba sa iya jure ƙanshinsa. Muka samu gorar ruwa ta roba, muka huda ta wuri huɗu a kafaɗa daidai shigar yatsa, muka rataya auduga mai ɗigon sinadarin daga murfi, muka zuba ruwan omo kaɗan a gindi. Muka ɗaure ta a reshe cikin inuwa, daidai tsayin mutum.

Na biyu bokiti. Biyu muka yi. Kowanne muka zuba busasshen rairayi kamar kaurin yatsa uku, muka ɗora mangwaro a kan 'yan tsakuwa don ruwansa kada ya jiƙa rairayin, muka rufe baki da yankin tsohon gidan sauro muka ɗaure da roba. A na farko mangwaron da aka tsinko daga sama mai ɗigo, a na biyu wanda aka tsinta a ƙasa. Muka ajiye su a rumfa inda rana ba ta bugu, muka sa toka kewaye saboda tururuwa.

Tarkon bai jira gobe ba. Ba mu gama ɗaure bokitin ba taubashina ya kira mu, ƙudaje uku suna yawo a jikin gorar. Washegari da safe sun rufe fuskar ruwan. Kawu ya leƙa ya ce: "Ƙuda, wajen kwaɗayi akan mutu."

A nan ne aikin hoto na gaskiya ya fara, kuma ya ci mana rabin yini. Muka tsamo waɗanda ba su daɗe da faɗawa ba, don wanda ya kwana biyu a ruwa ko ya bushe a rana rawayarsa takan dushe ta koma ruwan ƙasa. Muka tsane su a kan tsumma, muka ɗora ɗaya a farar takarda da tsinken ashana a gefensa don a ga girma. Hasken wayar muka kashe, domin yana sa jikin ƙudan ƙyalli ya ɓoye ratsi. A inuwar dogon yaro muka zauna inda haske ke shigowa daga gefe. Wayar taubashina ba ta iya kama abu na kusa sosai, sai muka riƙe gilashin ƙara girma a gaban idonta. Hoto fiye da talatin muka ɗauka kafin muka samu huɗu masu amfani: doron baya daga sama, fiffike a shimfiɗe da tsinken allura, bayan ciki bayan an ɗage fikafikai, sai fuska.

Ƙudan ya kai milimita 8, ya ɗan ɗara ƙudan gida tsawo, ƙugunsa a tsuke kamar na rina. Doron ƙirjinsa duhu ne, wasu baƙi, wasu ja mai duhu. Wannan bambancin launi ya rikita taubashina har ya ce jinsi biyu ne, amma sanannen abu ne a wannan ƙuda a Afirka, ba a dogara da shi. Abin dubawa ratsin ne: rawaya, guda biyu, ɗaya a kowane gefe, daga wajen gindin fiffike zuwa baya, tsakiyar doron kuma babu komai. Ƙarshen ƙirjin akwai 'yar garkuwa rawaya. A bayan ciki akwai baƙin layi a kwance da wani a tsaye ya sauko daga tsakiyarsa, sun haɗu sun yi harafin T. Fiffiken garau yake, in ban da siririn duhu da ya bi bakin gaba har tsini ba tare da ya yanke ba ko ya kumbura, da wani ɗan gajere a gindi. A fuska ɗigo biyu baƙaƙe ƙarƙashin ƙahonni.

Kowace alama akwai wanda take korewa, kuma ban yarda na tsallake ko ɗaya ba bayan abin da ya faru. Rashin ratsi na uku a tsakiyar baya ya kore ƙudan kabewa, Zeugodacus cucurbitae, wanda shi ma baƙo ne daga Asiya. Shi ratsinsa uku ne, fiffikensa da babban ɗigo a tsini da wani tabo a tsakiya, kuma ba ya zuwa wa metil yujinol, nasa sinadarin daban ne. Wanda na fi sa wa ido shi ne Bactrocera zonata, domin yana zuwa wa wannan tarko kuma ratsinsa biyu ne rawaya kamar na wannan. Ya kafu a Masar tun wajen 1998, yana Libiya, an kuma same shi a Sudan a 2011, ƙasa mai zafi da bushewa irin tamu. Ga wanda ke zaune kusa da iyakar Illela, inda kaya ke shiga da fita kullum, wannan ba labarin nesa ba ne. Shi zonata ja ne mai haske, duhun bakin fiffikensa a yanke yake sai ɗigo ɗaya a tsini, kuma yawanci ba shi da cikakken T a ciki. Namu duhun fiffikensa ya tafi ɗoɗar, T ɗinsa kuma ya fito. Hoton doron baya kaɗai ba zai raba waɗannan biyu ba, sai da na fiffike. Kama da wane ba ta wane.

Duk alamun sun taru a kan Bactrocera dorsalis, wato ƙudan Asiyan da na ambata tun farko. Hendel ne ya bayyana shi a 1912 daga Taiwan. A Afirka an fara kama shi a Kenya a 2003, masu bincike na icipe, cibiyar nazarin ƙwari da ke Nairobi, suka ba da rahotonsa, kuma cikin shekara biyu ya riga ya iso Afirka ta Yamma. A 2005 masana uku, Drew da Tsuruta da White, suka ɗauke shi sabon jinsi suka sa masa suna Bactrocera invadens, suna danganta asalinsa da Siri Lanka. Bayan kusan shekara goma, da aka gwada ƙwayoyin halittarsu da yadda suke barbara da juna, aka tabbatar cewa shi ne dai dorsalis, aka mayar masa da tsohon suna. Don haka wanda ya ci karo da sunayen biyu a takardun malaman gona, abu ɗaya ake nufi. Wannan tarihi ma ya isa ya sa mutum taka-tsantsan, tun da ƙwararru da madubinsu sun shekara goma kafin su daidaita a kan sunansa. Na zuba guda goma a 'yar kwalba da sifirit, na rubuta wuri da rana da fensir a takarda na jefa ciki, na kai wa malamin da ya koya mini ilimin ƙwari a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Hotunan kuma na tura masa a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi kai tsaye, siririn layin fiffike ya narke. Ya duba a madubi ya ce shi ne.

Kawu ya so a tsaya a nan, a sayo tarko da yawa a rataya. Na ce a jira bokiti. Dalilina shi ne tarkon maza kaɗai yake kamawa, kuma ƙanshin yana jawo su daga nesa, har daga lambunan da ba namu ba. Ya nuna cewa dorsalis yana unguwar. Bai nuna cewa tsutsar da ke cikin mangwaron Kawu tasa ba ce. Na riga na yanke hukunci sau ɗaya da rabin shaida, ban so in maimaita.

Lissafin kwanakin ba wuya. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 1 zuwa 2, tsutsa tana cin nama kamar mako guda ko fiye kaɗan, ƙwanso yana kwana wajen 10 a ƙasa. Bayan mako guda taubashina ya tankaɗe rairayin da rariya ya turo mini hoton ƙwansuna jajaye-jajaye. Na ce ya mayar da su, ya zubar da ragowar mangwaron cikin leda ya ɗaure. A mako na uku ƙudaje suka fara hawa gidan sauron. Ya yi ɗoki ya ɗauki hoto a ranar, suka fito fari-fari, fikafikai a jiƙe, ba ratsi ba T. Sabon fitowa haka yake, launinsa bai nuna ba. Na ce ya ɗora auduga mai ruwan suga a kan ragar ya ba su kwana uku, sannan ya sa su a firji na 'yan mintoci su yi sanyi su daina motsi.

Bokitin ƙasa ya fitar da taron ƙananan masu farin ratsi tun kafin sauran, tare da manya. Bokitin sama kuwa ko Zaprionus ɗaya babu, abin da ya wanke shi ke nan a gaban Kawu ba da bakina ba. Amma manyan da suka fito daga cikinsa iri biyu ne. Mafi yawa dorsalis, har da mata, waɗanda ake ganewa da tsinken ƙwai a ƙarshen ciki. Sauran kuwa wani ne da bai taɓa faɗawa tarkonmu ba: ya fi ƙanƙanta, jikinsa rawaya mai haske, doronsa da ɗige-ɗige baƙaƙe a gefe da ƙarshe maimakon ratsi, fikafikansa da zane-zane rawaya da ruwan ƙasa, yana tafiya yana ɗaga su. Ceratitis cosyra ke nan, ƙudan mangwaro na Afirka, ɗan ƙasa tun fil azal. Bincike a Benin da Burkina Faso ya nuna yadda suke raba shekara: cosyra ya fi ƙarfi a lokacin rani da bazara, dorsalis kuma yana son laima, yawansa yana tashi da zarar ruwa ya sauka, sai ya danne na gida. Da na yi wa Kawu wannan bayani ya ce ai dama can akan samu tsutsa jefi-jefi a mai zare tun yana yaro, amma irin wadda ke cinye na ƙarshen kaka bayan ruwa, wannan daga baya ta zo. Abin da idonsa ya gani ya yi daidai da abin da bokiti ya fitar.

Wannan ne ya canja shawarar. Da tarko kaɗai muka bi, da mun rataya gora ashirin muna murna da gawar maza, cosyra yana aikinsa ba wanda ya taɓa shi, matan dorsalis da suka riga suka yi barbara suna ci gaba da suka. Mace guda tana iya zuba ƙwai fiye da dubu a rayuwarta. Metil yujinol yana rage maza sosai idan duk unguwa ta yi tare kuma aka fara da wuri, a lambu guda kuwa amfaninsa mafi girma shi ne ya gaya maka ranar da suka fara yawa.

Abin da muka fi ba ƙarfi shi ne tsinta. Duk mangwaron da ya faɗi, a kwashe shi a ranar, kafin tsutsa ta fice ta shiga ƙasa. Kawu da yana tara su a gindin itace ya bar wa awaki, abin da suka rage ya ruɓe a wurin, ashe gidan rainon ƙuda yake yi musu. Yanzu wanda dabba za ta cinye nan take a ba ta, saura a zuba a baƙar leda mai kauri, a ɗaure, a ajiye a rana kwana da yawa. Ranar Sakkwato ba ta bar tsutsa da rai a cikin leda. Wanda ba shi da leda ya haƙa rami ya binne, ƙasar da ke sama ta kai rabin mita, in ba haka ba ƙudan zai tono ya fito. Sai tsinka da wuri: mangwaro ya ƙosa amma bai yi laushi ba, a sauke shi ya nuna a ɗaki, domin macen ta fi son wanda ya fara juyawa. 'Yan auren da ke ƙasa-ƙasa masu tsada muka sa musu jakar takarda ɗaya-ɗaya. Akwai kuma abincin tarko mai furotin da ɗan guba a ciki, irin GF-120, wanda ake ɗan fesawa a wani yanki kaɗan na ganye duk mako, ba a kan 'ya'ya ba. Mace tana buƙatar furotin kafin ƙwanta ya ƙosa, don haka shi yana kama dorsalis da cosyra duka, maza da mata. Ba mu same shi a gari a lokacin ba, sai daga baya aka kawo mana daga wani wuri.

Mangwaron ƙarshen kaka na bara dai mafi yawansa ya tafi. Lokacin da bokiti ya ba da amsa an shiga Yuni sosai, abin da ya rage a sama kaɗan ne. Makonnin da suka salwanta tsakanin saƙon farko da zuwana lambun suna cikin asarar, kuma da na yi tambaya uku a ranar farko da an rage su. Inda aikin ya yi amfani shi ne gwaiba. Ita ce ke karɓar ƙudan idan mangwaro ya ƙare, ta riƙe shi cikin damina har ya kai wata shekara. Kawu ya sa yara tsintar ta safe da yamma, ya ce tsutsar ta ragu ƙwarai a kan yadda ya saba gani.

Maƙwabcin mai kankana ya ga gorar tana cika, ya roƙi ɗigon sinadarin ya rataya tasa a tsakiyar gona, domin 'ya'yan kankanarsa suna ruɓewa tun suna ƙanana. Gorarsa ta cika da mazan dorsalis, kankana kuma ta ci gaba da ruɓa. Ya zo ya sami Kawu da maganar. Kawu bai kira ni ba. Ya ce masa ya kawo 'ya'yan da aka soka guda huɗu daga jikin yaɗo, ya ba shi aron bokiti da rairayi da yankin gidan sauro. Bayan mako uku taubashina ya turo mini hoto huɗu a fayil, kan farar takarda, da tsinken ashana a gefe: doro, fiffike, ciki, fuska. Ƙuda ne ja mai tsukakken ƙugu, doronsa ba ratsi ko ɗaya, cikinsa ba T. Dangin Dacus ne, masu bin kankana da kabewa da gurji, 'yan Afirka, waɗanda metil yujinol ba ya kira. Na ce a zuba biyar a sifirit, zan biyo in karɓa ranar Asabar in kai wa malam.